Ibro da Masu Dariya a Ɓoye

Kafin ku gama taɓe baki bari in sauƙaƙa muku: ƙwarai, a kan Rabilu Musa Ɗanlasan zan yi magana, Ibron nan dai da kuka sani. Na kuma san wani ya riga ya ja tsaki yana cewa, duk mazajen da ƙasar Zazzau ta haifa, marubucin nan bai ga na tunawa ba sai ɗan camama, kuma Bakano? To ai dalilin ke nan. Ranar da ka ga mutumin Tudun Wada ya ɗauki alƙalami yana kare Bakano, ka tabbata Kanawan ne suka kasa riƙe nasu, dole ubangida ya shigo gyara. Kanawa, ku yi haƙuri, wasan ba ni na fara shi ba, tarar da shi muka yi ni da ku.

Da kai zan fara, ranka ya daɗe, malamin jami'a na Kongo ko na Samaru mai jaka a hammata. Ƙorafinka na san shi: finafinan ba su da kai ba su da gindi, a kwana uku ake gama ɗauka, hoto na rawa, sauti na ƙara, daga ihu sai gudu sai a kifa wa mutum kwanon tuwo a ka. Ban musa ba. Da yawansu haka suke, wasu ma in ka kalli ɗaya ka kalli goma. Amma ina da tambaya. A zamanin kaset da faifan CD, motar wa ke tsayawa can nesa da shagon haya na wajen Agoro, a turo yaro da naira ashirin ya ce a ba shi sabon Ibro, wai na yara ne? Yaran da ƙarfe tara sun yi barci? Masu shagunan nan sun san lambobin motocinku kaf, kara kawai suka yi muku.

Na taɓa ganin ɗaya daga cikinku a teburin mai shayi, an jingina talabijin a kan benci, janareta na tari a baya, 'yan acaɓa da almajirai sun yi cincirindo. Shi kuwa ya juya wa talabijin ɗin baya, wai shi shayi ya kawo shi, yana ta juya cokali a kofin da sukarinsa ya daɗe da narkewa. Can Ibro ya ƙwalla ihun nan nasa, ya zaro ido, ya tattare riga ya ranta a na kare, sai ga kafaɗun malam suna rawa. Ya danne, ya yi gyaran murya, ya danne, har shayi ya sarƙe shi, mai shayi ya miƙo masa ruwa yana cewa, "Sannu Yallaɓai, ai zafi ne da shi." Kowa a wurin ya san ba zafin shayi ba ne.

Mutumin da ake wa wannan dariyar ta ɓoye an haife shi a watan Disamba na 1971 a Ɗanlasan, cikin ƙaramar hukumar Warawa. Ya yi Kwalejin Horon Malamai ta Wudil, ya shiga aikin gandiroba a 1991, ya yi shekara takwas yana riƙe da makullan gidan yari kafin ya tuɓe kaki ya rungumi wasan kwaikwayo gaba ɗaya. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani nan gaba. Lokacin da samarin Kannywood ke zagaya bishiya suna rawar Indiya, ana kiran finafinansu santimental, su Ibro aka laƙaba musu camama, wato na-baya-ga-dangi, masu arha. Sai dai 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, waɗanda ba ruwansu da nazari sai ciniki, sun san fuskar da ke sayar da kaset. Shi ya sa sunansa ya koma kan kowane kwali: Ibro Awilo, Ibro Ɗan Indiya, Ibro Usama, Ibro Saddam, Ibro Aloko. Duk abin da ya shigo gari, mawaƙin Kwango ne ko yaƙin Iraƙi, kafin jaridu su gama sharhi Ibro ya sa rigarsa ya shiga kasuwa da shi. Ga su Yautai da Malam Dare da Baba Ari da Gatari a gefensa, ga Tsigai da Dumɓaru suna ba shi wuya a gida, waƙoƙin kuma Sadi Sidi Sharifai ke rerawa da muryar da in ba a gaya maka ba sai ka rantse Ibro ne da kansa.

Yanzu na zo inda za ku fi yi min dariya. Na ce mutumin nan yana da aƙida ta siyasa. Na ji ku: wace aƙida ga mai tsere wa kare? To ku koma ku kalli finafinan, tunda na san suna nan cikin wayoyinku, ku lura da wanda ake mayarwa abin dariya. Ɗan sanda mai miƙa hannu a shinge. Mai unguwa mai cin kuɗin gona. Alhajin birni mai babbar riga da ƙaramar zuciya, boka mai damfara, ɗan boko mai zuba Turancin da shi kansa bai gane ba. (Wataƙila a nan ne ya taka muku ƙafa.) Ibro kuwa kullum shi ne na ƙasa: leburan da ba a biya ba, baƙauyen da ya shigo birni, matsoraci, mayunwaci, maƙaryaci in ta kama. Bai taɓa nuna talaka a matsayin waliyyi ba, shi ya sa talaka ya yarda da shi. Abin da yake faɗa wa mai kallo, fim bayan fim, shi ne babban mutumin nan da kake durƙusa wa shi ma abin dariya ne in ka matso kusa. In wannan ba siyasa ba ce, ku gaya min abin da Malam Aminu Kano yake yi lokacin da yake malamin makaranta yana rubuta wasannin kwaikwayo na shaguɓe ga masu sarauta, tun kafin a kafa jam'iyyar NEPU a 1950.

Kada ku tashi min da faɗa, ban ce Ibro Aminu Kano ba ne. Ban kuma haɗa shi da Hajiya Gambo Sawaba ta nan Sabon Gari ba, wadda ta sha ɗauri da duka saboda NEPU har ana lissafa shigarta kurkuku sau 16. Ita ta san abin da take nema, ta biya farashinsa da jikinta. Shi neman abincinsa yake yi. Sai dai mai mulki bai cika bambance mai huɗuba da mai barkwanci ba in dai jama'a sun taru suna nuna shi da yatsa.

Shaidata kuwa ba daga Zariya na samo ta ba, gwamnatin Kano ce da kanta. A 2007, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗora Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga Hisba, a kan Hukumar Tace Finafinai. Aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, kotun tafi-da-gidanka ta fara aiki. Adam A. Zango ya shiga kurkuku a kan Bahaushiya, Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama ya shiga a kan Tsintsiya, 'yan fim da yawa suka kwashe kayansu suka yo hijira Kaduna da Jos. (Mun karɓe su, ba mu tambaye su haraji ba.) A watan Oktoba na 2008 aka kai ga Ibro, shi da abokin aikinsa Lawal Ƙaura, aka yanke musu wata biyu. Abin da aka rubuta a takarda shi ne kamfani marar rajista da rawar rashin ɗa'a a cikin Ibro Aloko. Abin da gari ke faɗa daban. A cikin fim ɗin akwai waƙar da ake kira Mamar, sunan wani yadi mai ratsi-ratsi, mutane kuma suka lura da wanda ke yawan sa irin yadin, suka jingina waƙar ga gwamna. Daga nan waƙa ta fi ƙarfin mai ita.

Ku tsaya ku kalli hoton da kyau. Tsohon gandiroba, wanda ya shekara takwas yana ƙirga fursunoni da safe da yamma, ga shi an tura ƙeyarsa ta ɗaya gefen ƙofar, yanzu shi ake ƙirgawa. Da a fim aka rubuta wannan, da kun ce ƙarya ta yi yawa. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, duk cikin masu sukar Ibro, hukuma ce kaɗai ta girmama shi. Ku kun ce shirme yake yi. Ita ta san ba a tara majistare da 'yan sanda saboda shirme.

Allah gafarta Malam, na ga kana gyara rawani, na san kai ma kana da magana. Ka tuna 2002, lokacin da hoton Usama bin Laden ke manne a bayan motocin haya da kan kalanda, ana raɗa wa jarirai sunansa. A tsakiyar wannan zazzaɓin Ibro ya maƙala gemu ya fito a Usama, yana zare ido yana shirmensa na kullum. Malamai da 'yan Hisba suka yi ca a kansa, aka yi ta Allah wadai. A yau, bayan abin da masu ɗaukar makami da sunan addini suka yi wa Arewa, wa ya fi kusa da gaskiya, wanda ya manna hoton ko wanda ya yi wasa da shi? Ba na cewa hangen nesa ya yi, wataƙila kasuwa kawai ya hango. Amma ya taɓa abin da manyan masu alƙalami suka ji tsoron taɓawa a lokacin. Kuma Malam, ka fi ni sanin cewa kwaikwayon manya ba Ibro ya ƙago shi ba. 'Yan kama sun daɗe suna naɗa rawanin tsumma suna jan baƙi a kan tuwo da miya. A wasan gauta, matan fada kan yi shigar sarki da hakimansa su kwaikwaye su a gaban idonsu. Ga tashe duk azumi, yara na manna gemun auduga a lungunanmu, kai kanka kana ba su sadaka.

Abin da ya fi ba ni dariya, bayan Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu a kan finafinan nan, wani Bajamushe mai suna Matthias Krings ya sa Ibro Usama a cikin littafinsa da Turanci, sai ga ɗalibanku suna kafa hujja da Ibro a kundin digiri, ku kuna sa hannu. Ashe biza yake jira. Kuma a Samaru ne fa, tun wajen 1975, aka fara kwasar ɗaliban wasan kwaikwayo ana kai su ƙauyuka don a yi wasa da manoma cikin Hausa a kan matsalolinsu. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Sai dai ƙauyen da motar jami'a ba ta taɓa takawa ba, kaset ɗin Ibro ya kwana a can, ba tare da takardar neman tallafi ba.

Akwai inda nake tare da ku, kada ku ce son kai ya rufe min ido. Kwaikwayon Bafulatani da Bagwari da Inyamuri wani lokaci yakan tsallake wasa ya faɗa raini, kuma abin da ke da daɗi tsakanin abokan wasa biyu a dandali ba lallai ya yi daɗi a faifan da zai je har Legas ba. Ibro ya kuma bar 'yan kasuwa sun tatse sunansa kamar saniyar da ba a bar wa ɗan maraƙi komai ba, fim a kan fim, har wasu ba su cancanci kuɗin hayarsu ba.

An sha yaɗa ji-ta-ji-tar mutuwarsa yana raye, har mutane suka saba, saboda haka ranar Laraba 10 ga Disamba 2014 da labari ya zo daga Kano, bayan ya yi fama da ciwon ƙoda, da yawa sun ɗauka wani sabon wasan ne. Bai wuce shekara 43 ba. A ranar ce kuma bam ya tashi a Kantin Kwari, kwana goma sha biyu bayan harin babban masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan waɗanda suka tafi a ranakun nan. Bosho da Daushe da sauran 'yan camama sun ci gaba da jan zaren, yaran yanzu kuma suna yanka tsofaffin finafinansa gunduwa-gunduwa suna watsawa a WhatsApp da TikTok.

Su waɗannan guntayen, an ce min har zauren malaman jami'a suna shiga, kuma ba a rasa mai danna alamar dariya da ƙarfe ɗayan dare. Ranka ya daɗe, sunanka na fitowa a ƙasa in ka danna, ko yaran ba su gaya maka ba?