Wasiƙa Daga Birmingham Kan Asalin Goggon Birin Cadbury

Zuwa ga Baba da Inna da Yaya, Unguwar Nasarawa, Kaduna. Ɗanku yana lafiya, kuɗin kwanon rufi suna tafe, maganar aure kuwa tana nan inda aka baro ta.

Abin da ya fi cancantar bayani shi ne al'adar Turawa ta naɗa dabba ta zama fuskar kamfani, wato ita ce mai wakiltarsa a talla. Kamfanin Cadbury, mai Bournvita da TomTom, wanda masana'antarsa take unguwar Bournville ta wannan birni tun 1879, ya fitar da wani talla na daƙiƙa 90 a 2007, shekara guda bayan ya janye cakulan daga kasuwa saboda ƙwayar cuta, inda aka nuna goggon biri yana dukan ganguna a kan waƙar Phil Collins, ba tare da ya ko lasa cakulan ɗin ba. Har yau mutanen nan suna ambatonsa da girmamawar da ba sa yi wa firaministansu, suna kuma dagewa cewa wani Ba'amurke ne a cikin rigar gashi.

Binciken ɗanku ya saɓa wa wannan ra'ayi, domin alamu sun nuna birin mutumin Nasarawa ne, tsohon ma'aikacin masaƙar KTL ta Kakuri, wanda ya yi hijira bayan an rufe ta a 2002. Hujja ta farko ita ce dogon jiran da yake yi, ido a lumshe, hanci yana huci, kafin ya taɓa ganga, wanda ba ya samuwa sai ga wanda ya shekara yana jiran kuɗin sallama. Ta biyu kuma ƙarfin dukan ne, wanda Yaya zai gane, tunda da irinsa yake buga ƙofa idan an rigaye shi tuwo. Ana kyautata zaton ƙaninsa ne aka zarga a 2019 da haɗiye naira miliyan 6.8 a gidan zoo na Kano, kafin Gwamna Ganduje ya bayyana cewa babu goggon biri a gidan kwata-kwata, lamarin da ke tabbatar da cewa shi ma ya samu biza.

Ɗanku yakan kalli tallan a waya idan ya taso aikin dare, saboda a duk layinsu birin kaɗai ne ya san gadar Kaduna, kodayake bai taɓa amsa sallama ba, halin wanda ya samu wuri. A turo yaji da daddawa ta hannun mai zuwa, kuma kada Inna ta sake sa Bournvita a cikin ƙunshin, domin daga bayan gidan kamfanin ake rubuto wannan takarda.