A Fito da Kwano

Mu a unguwarmu, nan cikin birnin Kano, magidanci ba ya cin tuwon dare shi kaɗai a ɗaki. Da an idar da sallar magariba za a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan dattijon layi, sai ka ga yara suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da kwano a hannu. Wannan langa, wancan samira, wani kuma kula irin ta zamani. Har yanzu akwai gidan da ake fito da akushi an rufe shi da faifai. Haka muka taso muka tarar ana ciyayya, haka kuma muke yi.

Ba a buɗe kwanukan gaba ɗaya. Babba ne zai jawo guda, a zagaya da buta kowa ya wanke hannu, a yi bismillah. In an gama da tuwon masara miyar kuka, sai a jawo na shinkafa miyar taushe, wataƙila a rufe da dambu ko ɗanwake da ya sha mai da yaji. Kowa gabansa yake ci. Yaro ba ya kai hannu kan nama sai babba ya raba, ba ya kuma kallon bakin manya. A nan muka koyi wannan ladabin, ba a aji ba. Sannan ga santi. Miya ta yi daɗi, man shanu ya ratsa ta, sai ka ji bawan Allah da loma a hannu ya ce, "Wai ni kam, Alhaji, jirgin ƙasan nan na Kaduna har yanzu yana tsayawa a Madobi?" Babu wanda ya yi zancen jirgi. Sai a kwashe da dariya, a ce, "Malam, a ci dai a hankali." Kafin gari ya waye labari ya shiga gidan da aka yi girkin, mai girki kuwa ta yini tana fara'a.

Ciyayyar mata ta ma fi tamu tsari, sai dai ba a ganinta a waje. Kwano na tsallaka katanga, ko a aiki yarinya da shi ta zaure. "Ki gaishe da Mamanku, ki ce ga ɗan fate ta ɗanɗana." Kuma kwanon nan ba ya komawa haka nan, ko ƙuli-ƙuli ne sai an jefa a ciki, 'yar aike ma a ba ta tukwici. Mai jego ba ta rasa kunun kanwa daga maƙwabta. Gidan da aka yi rasuwa ba sa ɗora tukunya a kwanakin zaman makoki, layi ne ke ciyar da su da baƙinsu. Da azumi kuwa ƙosai da kunun tsamiya sai sun zagaye gidaje kafin a kira salla. Malamai suna yawan tuna mana hadisin da Annabi (SAW) ya umarci Abu Zarri ya ƙara wa romonsa ruwa domin maƙwabta su samu, iyayenmu mata kuma da aiki suka haddace shi.

Abin da ya fi burge ni a ciyayya shi ne rufin asiri. Bayan da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kwanon masara da na shinkafa suka yi tashin gwauron zabo, akwai gidajen da wata rana ba a hura wuta. Mai gidan zai fito salla kamar kowa, ya zo zai wuce, sai dattijo ya ce, "Ina za ka kuma? Zauna mana." Ba mai tambayar ina kwanonsa. Ya ci ya ƙoshi, abin da ya ragu a ce yaro ya miƙa cikin gidansa wai don yara. Tuzurun da ke haya a shagon ƙofar gida, da ɗan bautar ƙasa da aka turo daga kudu, da almajirin da ke tsaye a gefe, duk a wannan tabarma suke samun rabonsu.

To, yanzu gari ya buɗe, mu ma muna zuwa gidan abinci, kuma ba na ganin laifin haka. Ka bi titin Gidan Zoo da daddare, ko Bompai, ko Nasarawa, ka ga matasa da masu iyali cike da tebura: soyayyiyar shinkafa da kaza, gasasshen kifi, shawarma. Mai marmarin sakwara da miyar agushi ya nufi Sabon Gari. Amma ka lura da mu a can. Kowa zai zaɓi nasa a kawo masa a farantinsa, kafin a jima cokali ya fara ƙetare iyaka. "Yaya, ɗan taɓa wannan ka ji." Wanda ba mu taɓa gani ba ya zauna kusa da mu, sai mun ce masa bismillah, shi kuma ya ce alhamdu lillahi. In aka zo biyan kuɗi sai ka rantse faɗa ake yi: wannan ya riƙe hannun wancan, wancan yana rantsuwa shi ya gayyato. Wani lokaci ana cikin haka mai karɓar kuɗi zai ce ai wani Alhaji da ya fita ɗazu ya biya muku. Kuma da wuya magidanci ya tashi bai sa an ƙulla wa uwargida da yara nasu a leda ba. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da Singa ma haka suke da rana: a aiko da abinci a babban tire, maigida da yaran shago su sa hannu tare.

Inda nake da magana shi ne wajen hoto. Abinci na sauka sai a zaro waya, a ɗauka, a ɗora a WhatsApp ko Instagram, a rubuta a zo a ci. Wa zai zo? Cikin masu kallon akwai ɗan'uwanka da ya kwana da ruwan bunu, ka tayar masa da kwaɗayi ba ka ba shi loma ba. Mu da aka koya wa rufe kwano in za a ratsa layi da shi, don kada idon mai yunwa ya gani a hana shi! Gidan abinci kuma, komai kyansa, sai mai kuɗi a aljihu ko wanda aka gayyata. Tabarmar ƙofar gida ba ta tambayar ko sisi.

A sababbin unguwanni, inda kowa ya ja doguwar katanga ya sa get, ciyayya tana ja da baya. Mutum ya shigar da mota, a rufe, ya ci a falo gaban talabijin, shekara guda bai san ɗanɗanon miyar maƙwabcinsa ba. Ku 'yan'uwa da kuka tare a can, masallaci ɗaya kuke salla. Gobe bayan magariba wani ya shimfiɗa tabarma, ya ce da yaro ya fito da kwano, ko da mutum biyu ne ku fara.