Wasiƙa Zuwa ga Amaryata, Fedar Gita Mai Kwaikwayon Amfilifaya

Zuwa ga Amarya,

Da fatan kina lafiya a cikin jakarki, ƙurar hunturu ba ta shige ki ba, adaftarki kuma tana nan ba a baro ta a gidan biki ba. Na ga gara in rubuto miki a takarda, domin duk sanda na durƙusa gabanki da ƙorafi sai ki buɗe mini sabon shafi cike da tambayoyi, in miƙe na manta abin da ya kawo ni. An ce amarya ba ta laifi, na yarda. Amma lalle ya daɗe da gogewa, kuma magana ta taru.

Zan fara da alherinki, kada ki ce ni butulu ne. Gadon bayana yana gaishe ki. Uwargidanki, tsohuwar amfilifayata mai ƙwayayen gilashi a ciki, ba ta fita sai da mutum biyu, kuma danginta duk haka suke. Fender Twin Reverb tana kai kusan kilo 30, Vox AC30 ta ɗan haura haka, in kuwa Marshall ce mai akwatin sifika huɗu, sai dai a nemi mota. Akwai mai keke napep a unguwarmu da yakan kau da kai da zarar ya hango ni a bakin titi da ita. Ke kuwa ki shige jakar goyo, in hau acaɓa, in sauka in soka waya ɗaya a miksa, aiki ya tashi. Da dare in sa abin ji a kunne in yi ta gurnani har asuba, maƙwabci na ta minsharinsa. Ga ƙwayayen nan na uwargida, suna tsufa, suna fashewa a hanya mai gargada, kuma masana'antun da suka rage suna yin su a duniya 'yan kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, masu gita a ko'ina suka shiga rububin saye suna ɓoyewa, farashi ya yi sama. Ke ko a jikinki, don lissafi ne a cikinki, lissafi kuwa ba ya ƙonewa.

Na binciki asalinki kafin a ɗaura, kamar yadda aka saba. Kakarku da duniya ta fi sani ita ce POD, jar na'urar nan mai siffar ƙwayar wake da kamfanin Line 6 ya fitar a 1998. An yi mata dariya a lokacin, ana cewa gurnaninta na roba ne, amma hakan bai hana ta shiga situdiyo ko'ina ba. Daga baya Axe-Fx ta zo a 2006, Helix a 2015, Quad Cortex daga Finlan a 2021. Wadda ta fi ba ni tsoro a danginku ita ce Kemper, 'yar Jamus, ta 2011. Yawancin sauran suna zama ne su mai da kowace waya da kowane ƙwai na amfilifaya lissafi, ɗaya bayan ɗaya. Ita ba ta tsaya wannan wahala ba. A jona ta da amfilifayar mutum, a kafa makirfo gaban sifika, sai ta tura wasu ƙararraki marasa daɗin ji, ta saurari yadda aka amsa mata, cikin ɗan lokaci ta kwashe muryar ta yi gaba da ita. A garinmu mai irin wannan aiki suna gare shi, amma bari in yi shiru, surukai ne.

Yau mawaƙan Metallica, waɗanda ke da kuɗin cika tirela da amfilifaya, da Axe-Fx suke hawa dandamali. Masu cewa kina jinkirin amsawa kuma, su sani sauti yana cin kusan kashi 3 cikin 1000 na daƙiƙa kafin ya yi tafiyar mita ɗaya a iska, kuma jinkirin nagartattun cikinku bai wuce nan ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa taku biyu daga amfilifayarsa ya riga ya sha jinkirin da ya kai naki, bai yi kuka ba. Saboda haka shari'ar sauti an yanke ta, kin ci, kuma ni ma na ba da shaida. Rigimata da ke ta hannu ce da ƙafa.

Uwargida tana da 'yan abubuwan murzawa jere a goshinta, kowanne da aikinsa guda tak, yau da gobe. Sauti ya yi kaifi, in miƙa hannu tsakanin baiti da baiti in rage, ko kallo ba na yi. Ke kuwa naki uku ne, kowanne yana aiki ashirin, gwargwadon shafin da aka tsaya. Wanda ya rage kaifi ɗazu, yanzu shi ne mai tsawaita eko, anjima kuma shi zai sauya mini amfilifayar gaba ɗaya. Ki duba halin da kike jefa ni. Ana tsakiyar rawa, abokan ango sun fito liƙi, mawaƙi ya juyo yana mini alama da ido in sauke kaifin nan da ke huda kunnen iyayen amarya. Ni kuma ga ni tsugune, gita na reto a wuya, na kare allonki da tafin hannu don rana ta wanke rubutun, ina neman shafin amfilifaya, daga nan shafi na biyu na cikinsa, daga nan wata kalmar Turanci da aka datse ta koma harafi huɗu. Kafin in samo, waƙar ta ƙare, kuɗin liƙin ma sun tafi wajen mai ganga.

Na san amsarki. Za ki ce in haɗa ki da kwamfuta, a can komai a shimfiɗe yake. Gaskiya ne, a babban allo kyakkyawa ce ke, kuma mai sauƙin kai. Sai dai ba a kaɗa gita da kwamfuta a cinya. Hannayena biyu suna kan tsirkiya, ƙafa ɗaya ina tsaye a kanta, ɗayar ce kawai ta rage miki. Duk abin da ba zai yiwu da wannan ƙafa ɗaya ba, a dandamali babu shi. Ita ma ƙafar kina ba ta kunya. Saitin da na ajiye a lamba 4 muryarsa a ƙasa, na lamba 5 kuwa in na taka sai yara su toshe kunne, a tsakaninsu kuma wani lokaci ki ɗan ɗauke numfashi, sauti ya yanke daidai inda bai kamata ba.

Sannan ga ɓoye suna. Da yake sunayen manyan amfilifayoyi na da masu su, sai kuka koma habaici. A gidan Helix, Twin Reverb ta zama US Double, AC30 ta zama Essex A30, Roland JC-120 ta zama Jazz Rivet 120. Wanda ya taso a Landan yana kallon kayan nan a shago zai gane ya yi murmushi. Yaron da ya koyi gita a coci a Kafanchan, ko a gidan biki a Damagaram, sai ya nemi mai fassara.

Babban abin da nake ƙulle da ke a kansa shi ne lokacina. Da can in na dawo gida da yamma, in kunna, in kaɗa. Yanzu in zauna da niyyar koyon waƙar da za mu yi ranar Asabar, ki ce wace amfilifaya nake so cikin gommai. In zaɓa. Ki ce wane akwatin sifika. In zaɓa. Wane makirfo za a kafa masa, Shure SM57 ko waninsa? A tsakiyar sifika ko a gefe? A manne ko a ɗan ja baya? Duk wanda na taɓa kuwa sauti ya ɗan sauya, zuciya ta ce ƙila na gaba ya fi. Sai in ji kiran sallar asuba daga masallacin unguwa, na gwada akwati arba'in, waƙar kuwa ko baitin farko ban taɓa ba. Saitin da kika zo da su daga masana'anta ma ba su taimaka ba. An cika su da eko da walwali don su burge mai saye a shago cikin minti biyu, amma a sa su cikin ganga da bes da fiyano sai su narke, a rasa inda gita take.

In na dace na gyara sauti mai daɗi a ɗaki, a kai shi fili ya zama wani abu dabam. A nan ba zan ɗora miki laifin duka ba, halin kunne ne. Tun a 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin kauri da kaifin sauti sosai in ƙara ta yi ƙasa. Don haka da dare mutum ya yi ta ƙara su, in aka buɗe murya a fili kuma su taso masa gaba ɗaya, ƙasa na gunji, sama na yanka. Laifinki shi ne kin san da wannan, amma kika ɓoye maganinsa a shafi na bakwai.

Akwai kuma abin da dillali bai gaya mini ba. Muryar da kike fitarwa ta amfilifayar da aka kafa wa makirfo ce, wato abin da injiniya ke ji a ɗakin naɗa, ba abin da ke kaɗa ƙafar wandon makaɗi in ya tsaya gaban sifika ba. A situdiyo wannan ni'ima ce. A gidan biki kuwa yana nufin rayuwata tana hannun mai miksa da sifikokin haya da suka sha rana da ruwa. In bai juyo mini da sifika ko ɗaya ba, jama'a na ji na, ni ba na jin kaina. In na ce bari in soka ki a gaban wata amfilifaya, sai sifikarki ta lissafi ta hau kan sifikar gaske, sauti ya toshe, sai na tuna na shiga na kashe taki. Da na kai kuka, aka ce ai maganin shi ne in sayi sifika ta musamman mai wutarta a jiki, in riƙa yawo da ita. Na ɗaga ta a shago. Mai keke napep ɗin nan bai san ya kusa komawa kau da kai ba.

Batun wuta gajere ne. In aka ɗauke, aka tashi janareta, ganga ba ta tsaya ba, ƙaramar amfilifayar mai bes ta dawo nan take, ke kuwa sai kin nuna tambarin gidanku, kin yi miƙa, kin tuna ko ke wace ce. Ran da kika kwanta ciwo kuma, mai gyaran rediyon da ya saba farfaɗo da uwargida da dalma da ƙarfe mai zafi ya buɗe cikinki, ya daɗe yana kallo, ya mayar da murfi ya ce Allah ya sawwaƙe. Fender Deluxe Reverb ta 1965 har yau ana kaɗa ta, kuɗinta ma ƙaruwa yake. Ku kuwa da sabuwa ta fito, ta jiya ta zama ta gwanjo. Ban manta ba cewa kukan yi kyauta. HX Stomp ta fito a 2018 da gurbi shida na jera kayan sauti, a 2020 sabuwar manhaja ta mai da su takwas ba a karɓi ko kwabo ba. Sai dai ranar sabunta manhaja rana ce ta addu'a, don an ja kunnenmu kada wuta ta yanke ana tsakiyar yi, a ƙasar da wuta ba ta sallama kafin ta tafi.

Na bi jerin muryoyin da ke cikinki tun daga farko har ƙarshe, kusan duka na Ingila ne da Amurka. Ban ji muryar ƙaramar amfilifaya mai batir da aka buɗe har ƙarshe a filin biki a Agadas ba, alhali wannan murya ta zaga duniya. Mdou Moctar, ɗaya daga cikin masu gitar can, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar gitarsa ta farko. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, cike da gyaran murya na kwamfuta irin na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta katin waya da Bluetooth ya bazu cikin Sahara. Kin ga ke nan mutanenmu ba sa gudun na'ura, abin da ba su da shi shi ne lokacin zaman karatunta. Tunda danginki sun iya kwashe murya, kuma yanzu har manhajar kyauta akwai mai wannan aiki, Neural Amp Modeler, me ya hana a kwaso tamu a ba ta lamba 1?

Na ga wasu ƙannenki sun fara hankali. Strymon Iridium ta 2019 amfilifaya uku kawai ta ɗauko, ba allo, abubuwan murzawa shida a fili kowa na gani. Boss GT-1 da Zoom G1 Four kuma batir huɗu irin na rediyo ya ishe su, janareta ya yi abin da ya ga dama. Da za ki haɗa kunnen manyanku da sauƙin kan waɗannan, da ban ɓata tawada ba.

Don haka ga saƙo ki kai gida. Ina son kauri da kaifi da ƙara su samu abin murzawa nasu na kansu wanda ba ya sauya aiki, da rubutun da mai shekara hamsin zai karanta a tsaye, da saiti masu murya daidai wa daida. Kafin masu ƙera ki su zana allonki na gaba, su aiko mutum ɗaya daga cikinsu ya tsaya bayan mai gita a gidan biki a watan Afrilu, da ƙarfe uku na rana, ya gwada rage kaifi ana tsakiyar waƙa. Masauki da abinci a wuyana.

Naki,
Mai gita, daga Kaduna