Ranka Ya Daɗe Jirgin Abuja, Ka Zo Ka Karɓi Kuɗina

Zuwa ga Mai Girma Jirgin Ƙasan Cikin Gari,
Tashar Metro, Tsakiyar Birni,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da kai da taragunka da tashoshinka goma sha biyu, har da waɗanda ƙadangaru suka fi fasinja sanin hanyarsu. Ya gajiyar zirga-zirga? Na san ba ta da yawa, amma ba a fasa gaishe da babba don aikinsa kaɗan ne.

Ba ka san ni ba. Ni mazaunin Mararaba ne, ina kwana a Jihar Nasarawa ina wuni a Abuja, cikin dubban mutanen da birnin nan ke nema da safe ya sallame su da magariba. Sau ɗaya tak muka taɓa haɗuwa da kai, zan zo kan wannan. Abin da ya sa na ɗauki biro wata buƙata ce da ba a saba kai wa manya irinta ba: roƙonka nake ka zo ka karɓi kuɗina.

Kafin nan bari in tuna maka tarihinka, don mai yawan barci yakan manta shekarunsa. A 2007, ƙarshen mulkin Obasanjo, aka ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilarka. Cikin ɗan Adam wata tara ne, na giwa ma bai cika shekara biyu ba, kai kuwa shekara goma sha ɗaya aka yi ana naƙudarka. Ranar 12 ga Yuli, 2018 Shugaba Buhari ya raɗa maka suna, aka ce duk Afirka ta Yamma kai ne na fari a irinka. Tsawonka kilomita 45 da 'yan kai. Hannu ɗaya ya tashi daga Metro ya bi ta Filin Wasa da Kukwaba da Wupa da Idu ya dire filin jirgin sama, ɗayan ya tashi daga Idu ya bi ta Gwagwa da Dei-Dei da Kagini ya tsaya Gbazango a Kubwa.

Ba ka cika shekara biyu kana tatata ba korona ta zo a 2020, aka ce kowa ya zauna gida. Mu muka zauna 'yan makonni muka fito, don yunwa ta fi cuta iya kora. Kai ka riƙe umarnin da hannu biyu, ka shekara huɗu a ɗaka. Aka buɗe masallatai, aka buɗe kasuwanni da makarantu, takunkumin fuska ya koma tsumman goge gilashin mota, kai kana kulle. Ɓarayin waya da ƙarfe kaɗai suka riƙa zuwa dubiya. Sun zo hannu rabbana, ba su koma haka ba.

Sai ranar 29 ga Mayu, 2024 Shugaba Tinubu ya sake yanka maka rago. A wajenmu sau ɗaya ake wa yaro suna. In ka ji an sake taro a gidan, to kaciya ce ko aure. Kai suna biyu, shugaban ƙasa biyu, dogon kuwa bai ƙaru da taku ɗaya ba. Ban ce komai ba, ƙirgawa kawai na yi.

A wurin taron nan na biyu ne Minista Nyesom Wike ya ce za a hau ka kyauta wata biyu, shugaban ƙasa ya ce a kai ƙarshen shekara. Aka tafa, ni ma na tafa daga gaban talabijin ɗin mai shayi. Ranar ta yi daidai da cikar shekara guda da cire tallafin mai, lokacin da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta a guje. Kyauta ba ta taɓa zuwa a kan gaɓa kamar wannan ba. Rijiya ta bayar, guga ma bai hana ba, igiyar ce ba ta kai ba.

Duk da haka na zo. Wata Asabar na ɗauki ƙaramin ɗana, muka hau mota biyu kafin mu iso ƙofarka, na biya kuɗin kujera a kowacce don in ci moriyar kyauta. Gaskiya ɗaya ce, kana da kyau. Sanyi kamar cikin banki, kujera ba ta yage ba, babu buhun albasa a kan ƙafata, babu gwiwar kowa a haƙarƙarina. Wata baiwar Allah a gefenmu ta buɗe kula ta zuba wa 'ya'yanta shinkafa, wasu samari suna ta ɗaukar kansu hoto jikin taga, wani dattijo ya cire hula ya ɗora a gwiwa ya yi barci irin na wanda ba ya bin kowa bashi. Ɗana ya manna hanci a gilashi yana ƙirga duwatsu da gonakin masara. Can ya juyo ya ce, "Baba, ina za mu?" Na ce filin jirgin sama. Ya ce, "Makka za mu?" Na ce a'a, dawowa za mu yi. Ya yi shiru yana dubana, irin duban da ake wa babban da ya faɗi abin da ba a gane ba amma ba a son a kunyata shi. Da muka isa muka leƙa muka juyo. Da yawa daga waɗanda muka tafi tare, da su muka dawo. Ashe yawancinmu yawon sallah muka fito, ba sallah ba.

Yanzu bari in kai ka inda ba ka taɓa zuwa ba. Ƙarfe biyar da rabi na asuba, titin Kefi zuwa Abuja. Daga Masaka da Ado da Mararaba da Nyanya da Karu mutane ke kwararowa, duk su tsuke a hawan Kugbo kamar gero a bakin mazurari, kafin a tsiyaye su a AYA. Tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba ranar Lahadi, ranar Litinin sai ta cinye sa'a biyu, wani lokaci har da ɗoriya. Akwai ma'aikacin da 'ya'yansa ba sa ganinsa a farke sai ƙarshen mako. Akwai mai tsayawa bakin titi yana leƙa fuskokin cikin ƙaramar mota kafin ya shiga, yana auna ko fasinjoji ne ko 'yan fashin wan-cans. Waɗannan su ne mutanenka, ranka ya daɗe. Ba ku dai gaisa ba.

A wannan titin ne na ga karɓar kuɗi da babu na'urar da ta kama ƙafarta. Yaron motarmu bai yi boko mai nisa ba. Yana rataye a ƙofa, takardun naira a nannaɗe tsakanin yatsunsa, kowane yatsa da irin kuɗinsa. Ba ya rubutu, ba ya ba da rasit, amma ya san wa ya biya, wa ya ce "bari in sauka", wa ya sunkuyar da kai yana barcin ƙarya. Ka yi kamar kana waya, zai jira ka gama. In canji ya yanke, sai ya dubi mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba, ya danƙa wa ɗaya ɗari biyar ya ce, "Alhaji, kai da Hajiya ku raba." Ya ɗaura muku auren canji ba waliyyi ba shaidu, mota ta wuce, ku tsaya neman mai ruwan leda ya raba ku. Shekara da shekaru ban taɓa ganin wanda ya sha a hannunsa ba. In ka tashi ɗaukar masu duba tikiti, kada ka wahalar da kanka da talla a jarida. Ka aiko tashar Nyanya.

Na ji yadda takwarorinka suke yi. A biranen Jamus babu shinge a bakin jirgi, kowa ya shiga, amma masu bincike kan faɗo ba sallama, wanda aka kama ba tikiti ya biya tarar yuro 60. Ɗan'uwanka na Legas, wanda ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2 a watan Satumba 2023, kati ake taɓa masa mai suna Cowry, ba kati ba shiga. Legas ke nan, ko gaisuwa sai da lissafi. Kuma ba sai ka je nesa neman darasi ba. Maƙwabcinka na Idu, mai zuwa Rigasa, ya sha fama da 'yan cuwa-cuwar tikiti, a saye da safe a sayar wa mai gaggawa ninki, har aka koma sayarwa ta intanet a farkon 2021. Sai dai ka lura da abu guda: ba a cuwa-cuwar abin da ba a rububinsa. Ranar da na ji an kama wani ya tsallake shingenka don ya tsere wa biya, ranar zan san ka zama jirgi. Zan ma je in gaishe da ɓarawon.

Kada ka ɗauka ƙin arha nake. Talaka ne ni, in an ce kyauta ƙafata ke riga kunnena ji. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda aka ɗauka kyauta ba shi da bakin cewa an makara; in ya yi ƙorafi a ce masa nawa ya biya. Wanda ya biya kuwa, ko naira ɗari ce, sai ya tsaya a dandamali yana duba agogo yana tsaki, kuma wannan tsakin shi ke hana jirgi barcin shekara huɗu. Ka sa kuɗi daidai aljihun masinja da mai gadi, ka sassauta wa ɗalibai da tsofaffi, ka ba da tikitin da kuɗinsa zai isa asusu ba aljihun wani ba, sannan ka kama duk wanda ya zille. Ni na yarda a fara da ni.

Ai ko yanzu ina biya. An kashe maka sama da dala miliyan 800, wato wajen miliyan 18 a kowace kilomita, kuma miliyan 500 daga ciki rance ne daga bankin Exim na Sin. Mutanen Sin ba su ce wata biyu kyauta ba, ba su ce a kai ƙarshen shekara ba. Bashin nan daga baitulmali zai fita, baitulmali kuwa har da harajin da ake yanka a albashina da wanda ke ɓoye cikin kuɗin katin wayata. Na daɗe da sayen tikitinka, kujerar ce ba a nuna mini ba.

A takarda kai dogo ne ƙwarai. Tsarin ya ce kashi shida, wajen kilomita 290, da reshen da zai nufi Nyanya da Karu, da na Kuje da Gwagwalada, da na Bwari da Suleja. Mun ga zanen, layuka masu launi kamar zaren saƙar hula. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda aka fara da hanyar masu akwati mai taya aka bar ta masu ledar abincin rana. Kuma wasu tashoshinka an gama su tsaf kafin a tuna da hanyar da za a bi a je su, sai a gyaran 2024 aka shiga shimfiɗa musu kwalta. Mai gina ɗaki ya manta ƙofa, ai ba ya zargin baƙi da rashin zumunci.

To amma in za ka zo, ka zo da sallama, don mu nan muna son ka muna kuma tsoronka. Tun ba ka motsa ba dillalan filaye sun fara cin abinci da sunanka. Kowane fuloti a bayan gari yanzu "dab da inda tashar jirgi za ta zauna" yake, ko da kwazazzabo ne. Mai gidan da nake haya kuwa, ko jita-jitar kwalta ya ji sai ya zo da sabon lissafi. Ranar da ya ji ƙararka ban san inda zan kwashe iyalina ba, wataƙila Kefi, in koma rubuto maka wata wasiƙar daga can. Mutanen Abuja sun san ma'anar jan fenti a jikin bango tun zamanin rusau na El-Rufa'i, sun san katafila ba ta karanta takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu. Gbagyi sun riga kowa sani. Tun da aka yanki ƙasar Abuja a 1976, aka dawo da gwamnati cikinta a Disamba 1991, ake matsar da su gaba ana ce musu ci gaba ne. Kukwaba da Kagini da Gbazango da kake kira a lasifika sunayen garuruwan mutane ne, tun kafin a yi tunaninka.

Saboda haka in ka auna hanya, a biya diyya kafin a ɗaga katafila, a biya mai gida a kuma tuna da ɗan haya. Ka bar wa mai ƙosai da mai shayi da mai faci 'yar rumfa a bakin tasha, don tashar da ba ƙamshin suya ofis ce kawai. 'Yan acaba da aka kora daga tsakiyar birni tun 2006 suna nan unguwanninmu, su da masu Keke za su kawo maka fasinja daga lungunan da ba za ka taɓa shiga ba; ka ware musu wurin tsayawa kafin a fara farautarsu da kulki. Kuma ka yi gada inda ka raba unguwa biyu, kada makaranta ta koma tsallake yara su riƙa tsallaka dogo da allo a hannu.

Na san za a ce Mararaba ba Abuja ba ce, akwai iyaka tsakani. Gaskiya ne. Cunkoson dai bai taɓa tsayawa a iyakar ya nuna takarda ba. Ka iso ko Nyanya ce, sauran mu ƙarasa da ƙafa.

Ɗana yana gaishe ka. Har yanzu yana gaya wa abokansa cewa ya kusa zuwa Makka. Ni kuma gobe Litinin, biyar da rabi ina bakin titi gaban mai shayi, da shuɗiyar riga da jaka a hammata. In ka ga dama ka biyo, zan riƙe canji daidai, don kada a sake ɗaura mini aure da matar da ban sani ba.

Naka mai jiran tikiti,
Wani ɗan haya a Mararaba.