Wa ya yi cigiyarka, Bakano?

Bakano, bawana, labari ya iso mana Tudun Wada cewa kana shirin fitar da sabon kundin gambarar zamani, wai dawowa fage za ka yi. Barka da arziki. Sai dai kafin a ce mutum ya dawo, ai sai an san ya tafi. Daga Ƙofar Doka har Agoro na tambayi masu tura waƙa a waya, ba wanda ya san ka taɓa riƙe makirfo. Wani ma cewa ya yi, ko kai ne mai kawo musu caja daga Farm Centre.

An ce kana kafa hujja da Dr. Dre na Amurka. To, bari Bazazzagi ya ɗora ka a karatu, tunda mu ke da jami'a tun 1962. Dre ya saki kundi a 1999, bai sake ba sai 2015, da ya fito da Compton. Shekara 16 ana jiran sa, har kundin Detox da ya yi ta alkawari ya bi ruwa. Amma a tsakanin nan ba barci ya yi ba: shi ya ɗaga Eminem da 50 Cent, kuma a 2014 Apple ya sayi kamfanin Beats da ya kafa da abokinsa kan dala biliyan 3. Kai fa? Tumbi ka ajiye, da rumfa a Kantin Kwari, da 'ya'yan da ke ɓoye fuska idan ka juya hular hana-sallah baya.

Ko a garinku ma akwai waɗanda suka ci wuyar sana'ar. Nazir Hausawa, wato Ziriums, ya yi waƙa lokacin da Malam Abubakar Rabo ke riƙe da hukumar tace finafinai, har aka haramta waƙarsa Girgiza Kai a 2009. Shi idan ya ce zai dawo, za a tashi tsaye. Kai waƙarka ba a ji ta ba, balle a hana ta.

Kuma kasuwar da ka sani ta tashi. Zamanin da ake buga faifai a kai Ƙofar Wambai, a jera a baro ana zagaya gari, ya wuce. Yanzu yaro a Gyallesu ko ɗalibin Kongo yana danna Audiomack, ya ba ka daƙiƙa goma. Idan ba ka kama shi ba ya koma wajen DJ AB ko ClassiQ. Ka ce waƙa 20 za ka zuba a kundin. Wa zai ƙona data a kansu? Na san lissafinku na Kanawa, a cika mudu a yi masa tozo, amma waƙa ba gero ba ce.

Duk da haka ba zan bar bawana ya kunyata ni ba. Ka cire sarƙar gwangwanin nan, ka daina kwaikwayon samarin da ka haifa. Ka yi waƙar abin da ke hana ka barci: kuɗin makaranta, kuɗin haya, tsadar fetur tun da aka cire tallafi a 2023, da maƙwabcin da ya ci bashin atamfa ya sauya hanya. 'Yan gambaran da ma abin da ke gabansu suke faɗa a tsakiyar kasuwa, shi ya sa ake tsayawa. Magidanta irinka suna da yawa, ba mai yi musu waƙa.

Idan kundin ya fito, ka kawo shi Zazzau mu duba maka Hausar, don kada ka cika shi da "wallahi tallahi ban ci riba ba". Ka haɗo da kuɗin sharar bana da na bara, da gurasa mai yawan ƙuli. Kyauta ba ma sauraron Bakano.