Kwamfuta Amarya, Alli Bora

Babu abin da ke sa babban mutum ya saɓa babbar riga ya kama hanyar ƙauye kamar ƙaddamar da ɗakin kwamfuta. Ranar sai a yayyafa wa harabar makaranta ruwa, a shafa wa duwatsu farar ƙasa, a ɗauko hayar janareta daga cikin gari, a zaɓo yara masu sabon yunifom a jera su. Mai girma ya yanke ƙyalle, ya ɗora yatsa ɗaya a kan madannai, ya waigo yana yi wa mai hoto murmushi. Kafin ƙurar motocinsa ta kwanta, mai janareta ya ɗaure kayansa a bayan babur.

Daga nan amarya ta shiga lalle. A lulluɓe kowace da leda, a danna wa ƙofa kwaɗo biyu, makulli a aljihun firinsifal, wai kada yara su lalata kayan gwamnati. Gizo-gizo kaɗai ke da izinin shiga kullum, kuma shi ne ya fara haɗa su da yana.

Leƙa ajin da ke kusa. Malamin lissafi shi ke koyar da Hausa da tarihi, ranar Laraba kuma ya rikiɗe ya zama masanin sinadarai. A ɗakin gwaje-gwaje jemagu ne ke gwajin. Yara na zaune a ƙasa, alli kuma sai malam ya karya shi gida uku. Laifin alli ɗaya ne: ba ya kyau a hoto. Wa ya taɓa jin an gayyaci gwamna ya ƙaddamar da kwalin alli, ko ya yanke ƙyalle don an biya malami albashinsa a kan kari?

Ba wai kwamfutar ba ta da rana ba. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, don haka akwai yaron da ranar jarrabawar ce farkon gaisawarsa da linzami, ya kama shi da hannu bibbiyu yana bismilla. Kafin nan a allo ya san ta. A 2018 wani malami a Ghana ya yi suna a duniya saboda ya zana fuskar Microsoft Word da alli, layi-layi, don makarantarsa ba ta da ko guda. Mu namu suna nan a ɗaki, amma zanen muke yi.

Ko inda aka raba su da gaske, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ƙasar Peru ta sayi ƙananan kwamfutoci sama da 800,000 a shirin nan na kowane yaro da tasa, sai binciken da aka fitar a 2012 ya nuna lissafi da karatun yaran na nan inda suke.

Mu iyaye ma ba kanwar lasa ba ne. Makarantar kuɗi ta rubuta "kuɗin kwamfuta" kowane zango, mu biya ba musu. Ta ce a sayi littafin lissafi, mu ce tsadar rayuwa. Yaro ya dawo da maki 90 don ya haddace ma'anar kwamfuta da Turanci, uban ya nuna wa 'yan majalisarsu takardar yana cewa ai gidansa an haifi injiniya. Da magariba wayarsa ta ƙi kunnuwa, ya miƙa wa injiniyan, injiniya ya juya ta sau biyu ya ce, "Baba, ba a kawo mu nan ba tukuna."