Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Zango Na Uku

Zuwa ga Mai Girma Zangon Karatu na Uku,
Ta hannun shugabannin makarantun Jema'a da Jaba.

Ana tunatar da Mai Girma cewa shi ne autan shekarar karatu. Yakan sauka wajen ƙarshen Afrilu, bayan hutun Ista, ya tattara kayansa a watan Yuli, kuma a hannunsa ake yanke wanda zai wuce aji na gaba da wanda zai maimaita. Wannan iko ba a musa masa shi. Ƙorafin jama'a a kan lokacin zuwansa ne.

A kudancin Kaduna damina kan riga ta Kano da Katsina sauka, don haka Mai Girma yakan iso tare da ruwa. Idan hadari ya taso daga wajen duwatsun Kagoro ya sauka a kan rufin kwano, darasi ya ƙare ke nan. Malami zai ci gaba da motsa baki, ɗalibai su ci gaba da gyaɗa kai, amma babu wanda ke jin wani. Ajin da ke yoyo kuwa, ana ja da benci gefe guda a jira.

Babbar matsalar ita ce citta. Daga Kwoi da Nok har zuwa Kachia, a daidai wannan lokaci ake shuka ta, a rufe ta da ganye da ciyawa, sannan a shiga cire ciyayi da hannu. Aiki ne mai cin mutane, kuma yaron da ake nema ya haddace lissafi shi ne dai ake nema ya ɗauko damin ganye. Iyayen ba su da laifi sosai, domin kuɗin makarantar ma daga cittar yake fitowa. Wanda ya ga yadda cutar da ta afka wa gonakin citta a 2023 ta hana gidaje da yawa biyan kuɗin makaranta ba zai yi gardama ba. Ga kuma mangwaro ya nuna, wanda shi kaɗai ya isa ya rage yawan masu amsa suna bayan tara.

Duk da haka Mai Girma bai ga dama ya zo shi kaɗai ba. Yakan jawo WAEC a Mayu da Yuni, NECO ta biyo baya, a kwashe kujeru zuwa zauren jarrabawa, malamai su koma masu gadi, ƙananan azuzuwa su zama marayu. Ranar 1 ga Mayu hutu, 27 ga Mayu maci, 12 ga Yuni hutu. Abin da ya rage na makonnin sai a ba wa atisayen bikin yaye ɗalibai, bikin da yanzu har 'yan nazare ke sa doguwar riga da hula mai kusurwa huɗu, iyaye su biya kuɗin riga, kuɗin hoto da kuɗin shinkafa, alhali ba a sayi taki ba.

Saboda haka ana roƙon Mai Girma ya zauna da damina su raba sa'o'i: safiya ta makaranta, ruwa ya dakata sai bayan tashi. Idan hakan ya gagara, a sa citta cikin darussan da ake jarrabawa, domin a wannan fanni ɗaliban ƙasar Jaba ba su bukatar bita.

Wassalam.
Daga iyaye, malamai da masu gadin ƙofa.